Gayauna ta ci gandu: abin da sauyin tattalin arzikin Biyetnam ya yi wa talaka

A noman ranin farko bayan cire tallafin man fetur na watan Mayun 2023, na kai wa kawuna ziyara a gonarsa ta shinkafa da ke fadamar Rima, na same shi zaune kusa da injin ban-ruwa a kashe, yana lissafin litar man da zai iya saya kafin shinkafar ta ɗauki ciki. Bayan mun gaisa ya ce da ni: "Ɗana, ku da kuka yi boko, akwai ƙasar da gwamnati ta taɓa janye hannunta, talaka ya ji daɗi?" Na ce masa akwai wadda ake yawan kawo misali da ita, amma labarinta ya fi ƙarfin amsar e ko a'a. Ƙasar ita ce Biyetnam, kuma dalilin da ya sa ta dace da tambayar Kawu shi ne ƙasa ce ta manoman shinkafa, sannan ta ayyana sauyin tattalin arzikinta a 1986, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a Najeriya.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya fahimci yadda noman gurguzu ya kasance a arewacin Biyetnam, domin yana da kalmominsa guda biyu, wato gandu da gayauna. Daga ƙarshen shekarun 1950 Jam'iyyar Kwaminis ta tattara gonakin ƙauyuka ta mayar da su babban gandu ɗaya a hannun ƙungiyar haɗin gwiwa, ana buga ƙararrawa da safe mutane su fita aiki rukuni-rukuni, magatakarda yana rubuta wa kowa makin aikinsa, bayan girbi a cire rabon gwamnati a farashin da ita ta yanka, a cire iri da na asusun ƙungiya, abin da ya rage a raba gwargwadon maki. An bar wa gidaje kashi 5 cikin ɗari na ƙasar noma su yi abin da suka ga dama da ita, kuma wannan 'yar gayaunar ce ta riƙa samar wa iyali babban kaso na abin da suke samu, saboda a nan ake zuba taki mai kyau, a nan ake yin ciyawa da zuciya ɗaya. Sai dai gandun Bahaushe na uba ne, wanda zai yi wa ɗansa aure ya biya masa haraji ya kuma bar masa gado, don haka akwai abin da ke riƙe ɗa a cikinsa. Gandun Biyetnam na hukuma ne, kuma maki ba ya bambanta wanda ya dasa shinkafa da kyau da wanda ya tsoma ta a laka ya wuce.

Bayan faɗuwar Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, a ranar 30 ga Afrilun 1975 da haɗewar arewa da kudu a ƙasa ɗaya a 1976, gwamnati ta yi ƙoƙarin kai wannan tsari kudu, zuwa yankin da kogin Mekong ke faɗawa teku, wanda shi ne rumbun shinkafar ƙasar. Manoman kudu, waɗanda suka saba da kasuwa, suka ƙi. Wasu suka sayar da dabbobin huɗa ko suka yanka su maimakon su miƙa wa ƙungiya, wasu suka rage noma zuwa abin da gida zai ci. A birane kuwa abinci ya koma na kati, kowane gida da littafin karɓar shinkafarsa, har 'yan ƙasar suna da salon magana da suke yi wa mai ɓacin rai, su ce fuskarsa kamar ta wanda ya ɓatar da littafin shinkafa. An kafa shingaye tsakanin lardi da lardi don hana fataucin hatsi, ta yadda wani lardi zai kasance da rara, maƙwabcinsa yana cin rogo da dankali. Ƙasar da ta fi yawancin ƙasashe ruwa da fadama ta koma tana shigo da abinci, ga yaƙi a Kambodiya tun ƙarshen 1978, ga rikici da Sin a 1979, ga takunkumin Amurka.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan labari, wanda kuma masu yabon sauyin daga nesa suka fi mantawa da shi, shi ne ba a ofis aka ƙirƙiro shi ba. Tun a 1966 sakataren jam'iyya na lardin Vinh Phuc, Kim Ngoc, ya ba da izinin a danƙa wa gidaje filaye su noma da kansu su biya ƙungiya wani adadi, amfani ya ƙaru, amma a 1968 shugabannin jam'iyya na Hanoi, babban birni, suka tsawata masa suka ce ya kauce wa tafarki, aka dakatar da gwajin, ya rasu a 1979 bai ga ranar da aka gaskata shi ba. A ƙarshen shekarun 1970 wasu ƙauyuka, musamman a kewayen birnin Hai Phong, suka koma yin hakan a ɓoye da sanin shugabanninsu. A birnin Ho Chi Minh, wato tsohon Saigon, shugaban jam'iyya Vo Van Kiet ya tsaya wa wata jami'a da aka fi sani da Ba Thi ta riƙa zuwa ƙauyukan Mekong tana sayen shinkafa a farashin da manomi zai yarda, wanda ya ninka na hukuma sau da yawa, domin birnin ya ci abinci. 'Yan ƙasar suna kiran irin wannan aiki fasa shinge. Da hukuma ta ga shingen ya riga ya fashe ta ko'ina, sai a watan Janairun 1981 ta fitar da umarni mai lamba 100, wanda ya yarda gida ya ɗauki dashe da kulawa da girbi, ya miƙa adadin da aka yanka masa, ya riƙe abin da ya haura. Amfani ya tashi na 'yan shekaru, sannan ya tsaya, domin ƙungiyoyin sun riƙa ɗaga adadin da ake yanka wa manomi duk lokacin da suka ga ya samu, har wasu suka mayar da filayen.

A 1985 gwamnati ta yi yunƙurin gyara farashi da albashi da kuɗi a lokaci guda, ta canja takardun kuɗi a watan Satumba, dong (kuɗin ƙasar) 10 na da ya koma 1, sai abin ya ƙwace mata, hauhawar farashi ta haura kashi 700 cikin ɗari a 1986. Cikin wannan hali Le Duan, wanda ya daɗe yana jagorancin jam'iyya, ya rasu a watan Yuli, kuma babban taron jam'iyya na shida da aka yi a Disamba ya zaɓi Nguyen Van Linh, ya amince da manufar da suka kira Doi Moi, ma'ana sabuntawa. Taron bai ƙara ko ƙwayar shinkafa ɗaya a tukunya ba. Amfanin gona ya faɗi a 1987, kuma a farkon 1988 miliyoyin mutane a lardunan arewa sun shiga yunwa. Yunwar ce ta tura ƙuduri mai lamba 10 na Afrilun 1988, wanda ya ce daga yanzu gida ne tushen noma, a ba shi fili na tsawon shekara 15, ya sayi kayan aikinsa, ya sayar da amfaninsa inda ya so. An riga an soke shingayen hanya a 1987, sannan a 1989 aka saki yawancin farashi, aka daidaita canjin kuɗin hukuma da na kasuwa, aka ɗaga ruwan ajiyar banki sama da hauhawar farashi. A wannan shekara ta 1989 ƙasar da ke neman agajin abinci a 1988 ta fitar da kusan tan miliyan 1.4 na shinkafa, ta zama ta uku a duniya bayan Tailan da Amurka.

Yadda aka raba filayen ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ganina a nan ne asirin abin yake. A arewa an raba ne bisa yawan bakunan da ke gida, kuma don kada a zalunci kowa sai aka ba kowane gida yanki a ƙasa mai kyau, yanki a matsakaiciya, yanki a marar kyau, wani kusa wani nesa, har gida ɗaya ya tashi da ƙananan filaye barkatai. Masana aikin gona sun yi ta kukan cewa wannan ya hana amfani da manyan injuna, kuma gaskiyarsu ne, amma sakamakonsa shi ne ranar da farashin shinkafa ya tashi, kusan kowane gida a karkara yana da abin sayarwa. A kudu rabon bai kai haka daidaito ba, saboda filaye da yawa sun koma hannun masu su na da, kuma can ne aka fi samun marasa gona daga baya. Dokar ƙasa ta 1993 ta ƙarfafa abin da aka fara: shekara 20 ga amfanin shekara-shekara, 50 ga itatuwa, da haƙƙin musanya da sayar da haƙƙin amfani da bayar da haya da gado da jingina, tare da takardar shaida mai jan bango da kowa ke kira jan littafi. A farko sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sai dokar 2003 ta ce a sa sunan miji da mata idan filin nasu ne tare. Binciken gidaje na 1993 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na jama'a suna cikin talauci. A 1998 adadin ya sauko zuwa 37, a 2002 zuwa 29, kuma yawancin waɗanda suka fita manoma ne da suka fita da ƙarfin gonarsu, tun kafin manyan masana'antun waje su yawaita.

Amma gandun da aka rushe ba shinkafa kaɗai yake nomawa ba. Daga asusun ƙungiya ake biyan ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye da ungozoma, daga nan ake ciyar da gidan renon yara inda uwa ke ajiye ɗanta ta tafi gona, daga nan ake gyara ajin makaranta da tallafa wa tsofaffi da iyalan waɗanda suka mutu a yaƙi. Da ƙungiyoyin suka zama fanko, waɗannan duka suka rasa mai ɗauka. A 1989 gwamnati ta shigo da biyan kuɗi a asibitoci da makarantu, ta halatta likitoci su buɗe wuraren kansu, ta saki cinikin magani. Ma'aikatan lafiya na ƙauyuka da yawa suka yi watanni ba albashi, wasu suka koma gona, wasu suka koma sayar da ƙwayoyi, mutane suka koma sayen magani a kanti ba tare da ganin likita ba, kuma a shekarun 1990 mafi yawan kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun marar lafiya yake fitowa. Rashin lafiyar mutum ɗaya ya isa ya sa gida ya jinginar da jan littafinsa. Yawan ɗaliban sakandare ya faɗi a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, saboda an haɗu da abu biyu a lokaci guda: makaranta ta fara cin kuɗi, gona kuma ta fara biyan hannun yaro. Nauyin da gidan reno ya sauke ya faɗa kan mata da kakanni. Abin lura shi ne gwamnati ta dawo ta ɗauki wasu daga cikin waɗannan kaya da zarar hauhawar farashi ta lafa, wadda ta sauko zuwa kusan kashi 5 cikin ɗari a 1993: ta fara inshorar lafiya a 1992, ta karɓi biyan albashin ma'aikatan lafiya na ƙauye a 1994, ta kafa asusun jinyar matalauta a 2002, ta kuma mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 6 kyauta. Shekarun da ke tsakani, talaka ne ya biya su.

A birane bugun ya zo ta wata fuskar. Daga 1989 zuwa tsakiyar shekarun 1990 kamfanonin gwamnati sun ragu daga kusan 12,000 zuwa kusan 6,000, ma'aikata kimanin 800,000 suka rasa aiki, a daidai lokacin da ake sallamar ɗaruruwan dubban sojoji bayan janyewa daga Kambodiya, ma'aikatan da aka tura ƙasashen gabashin Turai suna dawowa, agajin Tarayyar Sobiyet kuma yana ƙafewa har ya yanke a 1991. A 1990 ƙungiyoyin adashi da bashi masu alƙawarin riba mai tsoka suka durƙushe da ajiyar mutane. Abin da ya hana wannan zama bala'i shi ne mafi yawan jama'a ba a kamfanin gwamnati suke ba, a gona suke, kuma ƙananan sana'o'in da aka halatta sun shanye mutane da yawa: ɗinki, gyaran keke, sayar da abinci a bakin titi, aikin da mata suka fi ɗauka. Daga baya ƙofofin waje suka buɗe, Amurka ta ɗage takunkumi a 1994, aka maido da hulɗa a 1995, ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2007, masana'antun tufafi da takalma da na wayar Samsung suka zo.

Wanda ya san halin ƙaramar hukuma ba zai yi mamakin abin da ya faru a lardin Thai Binh a 1997 ba. Da asusun ƙungiya ya tafi, jami'an ƙauyuka suka koma ƙirƙiro kuɗaɗen karo-karo iri-iri, na hanya da na lantarki da na makaranta da na ɗakin magani, ana karɓa a shinkafa, ba wanda ke ganin lissafi, gidajen jami'an kuwa suna tashi. Dubban manoma, cikinsu har da tsofaffin sojoji, suka yi jerin gwano zuwa ofisoshin gunduma da na lardi, rikici ya ɗauki watanni, aka hukunta jami'ai da dama, aka kuma ɗaure wasu daga cikin masu zanga-zangar. A 1998 gwamnati ta fitar da doka da ta wajabta wa hukumomin ƙauye bayyana kasafi da tuntuɓar jama'a. A lokacin Thai Binh lardi ne da jam'iyya ke alfahari da shi a noman shinkafa da ba da sojoji, shi ya sa abin ya girgiza ta.

Waɗanda sauyin ya fi bari a baya su ne ƙananan ƙabilu 53 na kan tsaunuka, waɗanda ba su wuce kashi 15 cikin ɗari na jama'a ba amma zuwa 2010 sun kai kusan rabin matalautan ƙasar. A tsaunukan tsakiya, musamman lardin Dak Lak, noman gahawa ya bunƙasa har Biyetnam ta zama ta biyu a duniya bayan Barazil, sai dai baƙin da suka kwararo daga kwari ne suka fi cin ribar, ƙasar da 'yan asalin wurin ke nomawa suna hutar da ita bisa al'ada ta koma ta masu takarda, aka yi zanga-zanga a 2001 da 2004, aka murƙushe su. Wannan ya kai mu ga raunin da ke cikin jan littafi kansa. Kundin tsarin mulki ya ce ƙasa ta dukan al'umma ce, gwamnati ke kula da ita, manomi haƙƙin amfani kawai gare shi, don haka hukuma na iya karɓe gona don gina masana'anta ko rukunin gidaje, ta biya diyya a farashin da ta yanka wa ƙasar noma, sannan filin ya yi daraja ninkin-ba-ninkin a hannun mai gini. Mafi yawan ƙorafe-ƙorafen da ake kai wa hukumomi a ƙasar a kan fili ne. Dattawan yankinmu ba sai an fassara musu wannan ba, domin sun ga abin da ya faru a Bakolori kusa da Talata Mafara a Afrilun 1980, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, inda manoman da aikin madatsar ruwa ya raba da gonakinsu suka tsare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe wuta aka rasa rayuka, shekara biyu kacal bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna.

Idan aka jera 1986 ɗin Biyetnam da tamu, abubuwan da aka yi a takarda sun yi kama: an karya darajar kuɗi, an rushe hukumomin sayen amfanin gona, an rage tallafi, an sa kuɗi a asibiti da makaranta. Inda suka rabu, a fahimtata, shi ne manomin Biyetnam an fara cire masa wani babban ƙangi ne, aka kuma sa masa dukiya a hannu, kafin a miƙo masa lissafin asibiti. Sauyin ya zo masa da gona da 'yancin sayarwa da farashi mai kyau, kuma ya same shi da karatu, domin gurguzun da ya kasa ciyar da shi ya koya wa mafi yawan jama'a karatu da rubutu, ya haƙa magudanan ruwa, ya yi wa yara rigakafi. Manomin Wurno ko Goronyo dama gonarsa a hannunsa take, dama kasuwa yake kai geronsa da albasarsa, saboda haka babu wani sabon 'yanci mai girma da SAP zai ba shi, abin da ya fi gani shi ne tashin kuɗin taki da magani da kayan injin. Kuma gwamnatin Biyetnam ba ta taɓa janye hannu yadda ake faɗa ba: ta ci gaba da gina madatsu da kai lantarki ƙauyuka, ta yafe yawancin harajin ƙasar noma a 2003, ta ɗauke wa manoma kuɗin ruwan ban-ruwa daga 2008. Ba na kawo wannan don a yi sha'awar mulkin jam'iyya ɗaya, wanda har yau yake ɗaure 'yan jarida da masu fafutukar filaye, kuma rashin bakin magana ne ya sa sai da aka kai ga yunwa kafin a saurari abin da Kim Ngoc ya gani tun 1966.

Yau yankin Mekong yana fama da ruwan gishiri da ke kutsowa daga teku, kamar yadda aka gani a farin 2016 da na 2020, matasansa suna barin gona zuwa masana'antun kewayen birnin Ho Chi Minh, inda tsarin rajistar zama ya daɗe yana wahalar da baƙo wajen sa ɗansa a makarantar gwamnati, har da yawa suke barin yara a ƙauye wurin kakanni. Shinkafarsu ba ta cika zuwa kasuwanninmu ba. Wadda ke shigowa ta Kwatano galibi ta Tailan da Indiya ce, ta Biyetnam ta fi tafiya Filifin, a Afirka kuma Gana da Kodebuwa.

Da na koma na ba Kawu wannan labari a taƙaice, bai tsaya a kan tan miliyan ko kashi cikin ɗari ba. Tambayarsa ita ce abin da ya faru da shekara 20 ɗin nan ta cika. Na ce masa ta cika a 2013, manoma suka shiga zullumin ko za a sake rabo, sai majalisa ta yi sabuwar doka ta mayar da wa'adin shekara 50 ba tare da an taɓa filayen ba. Ya ce: "To, su dai an rubuta musu." Gonar da muke zaune a bakinta ta gado ce daga kakansa, ba ta da takarda ko ɗaya, shaidarta maigari ne da maƙwabtan iyaka, kuma ya ce da wannan shaidar babu bankin da ya taɓa ba shi bashin sayen injin mai aiki da hasken rana.